Miyar Albasar Iyatu

Gwaggona Iyatu, a Ƙofar Atiku ta yi zaman aurenta, kuma duk unguwar ba wadda ta kai ta iya sarrafa albasa. Ba ƙauna ce ta koya mata ba, babu ce. Mijinta Gidaɗo baduku ne, yana ɗinka jakar fata da kube, abin da yake samu bai taka kara ya karya ba.

Shekarar da gwamnatin soja ta raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, nama ya yi tashin da sai mai albashi. Gidaɗo kuwa wa zai ba shi Udoji? Ga shi kullum bayan magariba magidantan layin suna ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa a ci. Kwanon mutum shi ne mutuncinsa. Abin da Iyatu take karewa ke nan.

Sai ta yanka albasa guda goma, ta soya da man gyaɗa a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja, ta daka daddawa da gabu, busasshen ganyen albasa, ta zuba. Idonta ya yi ta zubar da ruwa, ba ta ko sharewa. Wallahi kwanonta ake fara sharewa, ba wanda ya taɓa laluben tsoka a ciki.

Ana nan sai Hayatu, wani akawu maƙwabcinsu da aljihunsa ya cika bakinsa ya buɗe, ya suɗe yatsa a gaban kowa ya ce, "Gidaɗo, miyar ga ta wuce a bar ta ba nama. Gobe ni ka aikowa." Shi a ganinsa yabo ya yi. Kai, wani yabon gara zagi!

Da safe nama ya iso, Gidaɗo yana kasuwa. Iyatu ta daɗe tana kallon naman. Mayar da kyautar maƙwabci abin kunya ne, ga yaranta sun yi wata uku ba su ɗanɗana ba. Ta zuba a tukunya.

Gidaɗo ya ɗauki kwano bai sani ba. A tsakiyar mutane ya buɗe, ga tsoka zube a sama. Hayatu ya ce, "Awo, yanzu munka ga miya!" Aka yi dariya. Gidaɗo bai sa hannu ba. Ya jira aka gama, ya ɗauko kwanonsa, ya shigo.

Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Daga yau ki aje min nawa ciki."

Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi. Ta koma miyar albasarta, ta ƙara gyara hannu, ko Allah zai sa ya ce a miƙo kwanon ya fita da shi. Shekara tara tana ajiye masa abinci a bakin ɗaki, yana ci shi kaɗai, suna jiyo hirar maza ta bayan katanga. A haka ya rasu.