Ranar da Hakim Ya Tafi Shuka da Makulli

Ƙanena Hakim bai iya zama ba. Tun yana yaro a tsaye yake shan fura, kuma har yau idan yana maka magana ƙafarsa ɗaya na bakin ƙofa. Ya yi gyaran rediyo, ya yi sayar da batir a tasha, ya je Yamai koyon odinatar, wato kwamfuta, ya dawo bai ƙarasa ba. Daga ƙarshe ya buɗe sibar, shagon intanet, a nan Dutsi da odinatar takwas, ya ajiye ni a teburin ƙofa, don ni ce mai iya zama.

Wata rana ana koya wa ƴan mata buga takarda, sai ga tallar mace rabin tsirara ta faɗo a gaban Nusaiba, ɗiyar Malam Usman mai shagon hatsi, mutumin da ba ya wasa da addini. Labari ya kai gida, ya hana ta zuwa. Abin ya ci wa Hakim rai. Kwana uku yana kai da kawowa, har ya saka wa kowace odinatar abin toshe talla, ya ɗaure su duka ga tasa ta cikin ɗaki. Daga can yake faɗin shafin da za a tace da wanda za a bari, kuma ba mai iya kashewa ko canzawa sai da lambar sirrinsa. Ya je da kansa ya kawo Malam Usman ya gani, Nusaiba ta dawo.

Wannan kam na yaba masa. Abin da ya ba ni haushi shi ne lambar. Sau nawa na ce ya ba ni!

"Yaya, in na ba ki, gobe wani ya lallashe ki kin buɗe mai," in ji shi.

Ni da na goya shi, wai ni za a lallasa.

Ruwan farko na bana ya sauka ranar Laraba da asuba. Wanda ya san Arewa ya san ba a jinkirin shuka: kafin hantsi rabin gari ya watse gona. Hakim ya ɗaura irin gero a moto, wato babur ɗinsa, ya nufi gonar babanmu bayan Kiyeshe, ko sallama bai yi ba.

Ƙarfe ɗaya Nusaiba ta shigo da takardunta. Ranar ce ta ƙarshe ta rajistar konkur, jarabawar shiga makarantar ungozoma, ƙarfe huɗu za a rufe, kuma sai da safen nan ta samu takardar haihuwarta. Muka cike komai, muka ɗora hotuna. Da muka zo ƙasan shafi, maɓallin aikawa babu shi. Muka koma wata odinatar, haka. Duka takwas ɗin haka, tunda umarni ɗaya suke bi daga ta cikin ɗaki. Abin toshe tallar ya ɗauki maɓallin a matsayin talla ya haɗiye. Wayata ta kasa ɗaukar takardun, ɗaya sibar da ke garin kuma a rufe, mai ita ma yana gona.

Sai a kira na bakwai na samu Hakim.

"Ba ni kod ɗin, lambar nan taka!"

"Ga ni nan tahe, Yaya, minti talatin."

"Hakim, ɗiyar mutane na nan tana rawar jiki!"

"Na ce ina tahe!"

Ban taɓa duba agogo kamar ranar ba. Na fita, na shigo, na sake fita. Nusaiba ta murɗa bakin hijabinta har ya yamutse. Uku saura, shiru. Uku da rabi ya kira, ina jin ƙarar ruwa a bayansa: ƙorama ta kawo, moto ba ta ƙetarewa. Sai lokacin ya karanto mini lambar.

Na shiga ɗakinsa, na buɗe. Rubutu ne birjik da Faransanci da Turanci, jeri a kan jeri, ban taɓa ganinsu ba don bai taɓa nuna mini ba. Yana ihu a waya, "Danna na hagu, wanga na ƙasa!" rezo, layin wayar, na yankewa. Na rubuta adireshin shafin a inda bai dace ba, na goge, na sake. Da maɓallin ya fito, huɗu ta wuce da minti shida.

Nusaiba ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tattara takardunta ta ce, "Ba komi, Tanti, sai baɗi in Baba ya yarda." Na san ba lalle ya yarda ba, ita ma ta sani.

Hakim ya iso bayan la'asar, laka har gwiwa. Na tanadi maganganu cike da baki, amma da ya ga kujerar da Nusaiba ta tashi a kai, sai ya ja ta ya zauna. Har aka kira magariba bai motsa ba, kuma tun da aka haife shi ban taɓa ganin haka ba.

Washegari ya jawo mini kujera kusa da tasa. "Zauna, Yaya, in gwada miki," ya ce. Ga shi yanzu na iya, sai dai kujerar Nusaiba har yau ba kowa.