Laimar da Wana Ya Kawo Daga Bama

Edita, hoton da kuka buga kwanakin baya na mutanen da ke dirowa daga jirgin sama da laima shi ya tayar mini da wani tsohon miki, har na ga ya kamata in rubuto muku abin da ya same ni, ko wani zai amfana. Ni mutumin Dudunni ne ta ƙasar Kusada. A zamanin da abin ya faru Turawa ne ke mulki, ni kuwa saurayi ne sabon aure, matata tana ɗauke da cikin fari. Sana'ata bayan noma cire zuma ce. Babu kuka ko rimin da ke ba ni tsoro a duk yankinmu, inda wasu ke hawa da igiya ni da ƙafa da farce nake hawa, in ɗaura amya a reshen da ko biri sai ya yi shawara. Mutane suna yaba mini, ni kuma yabon ya shiga kaina.

Ina da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini riƙon fartanya, shi ya sha duka a madadina sau da yawa. Da aka zo ɗibar soja lokacin yaƙin Bama aka tafi da shi, muka yi shekaru ba mu san ko yana raye ba. Ranar da labari ya zo cewa an sauke su a Kankiya, da gudu na tafi tarbarsa. Na same shi a bakin hanya zaune kan akwatinsa, ya rame, ya yi duhu, gefensa ga wani ƙunshi babba ɗaure da igiya. Na rungume shi ina kuka, shi kuwa sai shafa kaina yake yi kamar har yanzu ni yaro ne.

Wana ya dawo, amma ba duka ya dawo ba. Mutumin da a da dariyarsa ke tashin kaji ya koma shiru-shiru. Ko tasa ce ta faɗi sai ya zabura. Abu ɗaya ne kawai ke buɗe masa baki, wato ƙunshin nan. Laimar jirgi ce, yadi mai faɗi kamar rufin ɗaki, da igiyoyi masu yawa a gefenta, da ɗan rami a tsakiya. In ya shimfiɗa ta a ƙofar gida bayan la'asar, sai ya shiga ba da labarin yadda jirage ke zuwa saman daji, a ga laimomi suna buɗewa suna saukowa kamar balbelu. A lokacin ne nake ganin wana na da. Wata rana wani dattijo ya tambaye shi ko shi ma ya taɓa dirowa da ita. Bai ce i ba, bai ce a'a ba, murmushi kawai ya yi. Kafin sati ya zagayo, gari ya ɗauka cewa ya sha dirowa daga sama, kuma da aka ci gaba da tambayarsa sai ya fara ƙara wa labarin gishiri. Ni kuwa ko kusa ban yi shakka ba. In wana ya ce mini rana za ta fito daga yamma, da yamma zan juya in jira ta.

Ni na fara roƙonsa ya koya mini. Ya ce ba abin wasa ba ne, na ce hawan rimi ma ba wasa ba ne. Ya ce sai bayan damina, na ce damina ba ta ko fara ba. Da na ga yana zillewa, sai na tsare shi ranar Juma'a a gaban jama'a bayan an sauko daga masallaci, na ce wa mutane Yaya ya yi alkawarin koya mini dirowa daga dutsen da ke yamma da gari. Na ga fuskarsa ta canza, amma na ɗauka kunya ce irin ta mai ilimin da ba ya son nuna kansa. Jama'a suka yi ta sa masa albarka, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce to.

Haka muka fara. Ya sa ni ina tsalle daga kan katanga, daga baya daga kan rumbu, yana cewa in haɗa ƙafafuna, in lanƙwasa gwiwa, in na taɓa ƙasa in mirgina gefe guda. Innarmu tana kallonmu daga bakin murhu tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin ɗan Adam da fiffike ba, kuma wanda Allah ya ba ƙafa biyu ya gode. Matata ba ta iya yi wa wan mijinta magana, sai in mun shiga ɗaki ta kama hannuna ta ɗora a kan cikinta. Don mu kwantar musu da hankali muka yi gwaji da bunsurun gidanmu. Da sassafe, ko ganye ba ya motsi, muka hau dutsen da shi, muka ɗaure shi da igiyoyin, muka buɗe laimar muka sake shi. Ya sauka yana ihu kamar ana yanka shi, da ya taɓa ƙasa sai ya miƙe ya kama cin sabara. Muka yi dariya har muka faɗi. Rabon da in ji irin wannan dariyar a bakin wana tun kafin yaƙi, kuma wallahi ita ce ta ƙarasa rufe mini ido. Ba wanda ya tsaya tunanin cewa na ninka bunsuru nauyi, ko cewa safiya daban yamma daban.

Ranar da aka sa, ƙarshen bazara ne, zafi kamar a gasa gurasa. Muka hau bayan la'asar, rabin gari na biye da mu. Laimar ba ta da abin ɗaurawa a jikin mutum, don haka wana ya ɗauko igiyar guga ya naɗa mini a ƙirji da cinyoyi, ya haɗa da igiyoyin laimar, ya yi ƙulli a kan ƙulli don kada in suɓuce. Yana cikin ɗaurin hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska mai sanyi ta fara busowa. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce mini a hankali mu bari sai wata rana. Na dubi mutanen da ke ƙasa suna ɗaga mana hannu, na ce masa ai laima da iska take aiki, iska ta zo kuma mu gudu? Sai ya sunkuya ya ƙarasa ɗaurin.

Ban ma yi tsallen ba. Samarin da ke riƙe da bakin laimar suna ɗaga ta, iska ta cika ta, ta fizge ni daga kan dutsen kamar an fizgi kara. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan lokaci kaɗan na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na hangi gonakinmu a share suna jiran ruwa, na hangi shanun Fulani sun zama ƙanana, na hangi hanyar Kusada ta miƙe fara. Sai laimar ta fara lilo da ni, ta kai ni dama ta kai ni hagu, kuma maimakon in sauka ƙasan dutsen inda muka tara yashi, sai iska ta yi gaba da ni a guje. Duk abin da na koya na haɗa ƙafa bai yi amfani ba, domin a gicciye na zo ƙasa. Na ji cinyata ta hagu ta yi ƙara kamar an karya busasshen itace.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Laimar ba ta kwanta ba, iskar hadari ta sake cika ta, ta shiga jana a ƙasa. Ta bi da ni kan kunyoyin gona, kan tushiyar dawa, cikin ƙaya, ƙasa na shiga bakina. Na kai hannu in kwance igiyar, amma ƙullin da aka yi don ya cece ni ya ƙi ko motsi, kuma ba ni da wuƙa. Ina jin ihun mutane yana nisa. Sai na ji wani ya faɗo a kaina, ya wuce ni, ya kama igiyoyin. Wana ne. Har yau ban san yadda ya sauko daga dutsen nan ya cim mini ba. Iska ta ja mu mu biyu, igiyoyin suna yanka tafin hannunsa, bai saki ba, yana janyo su yana naɗawa a damtsensa har gefe ɗaya na laimar ya karye ta zube a jikin wata aduwa. A daidai lokacin ruwan farko na shekarar ya sauko.

Bai jira a kawo jaki ba. Ya yanke igiyoyin da wuƙar wani, ya goya ni, ya kama hanyar Kaikai inda akwai wani maɗori da ya shahara. Ruwa na dukanmu, jinin hannunsa na bin ƙafafuna. Mun yi nisa da mutane sai na ji bayansa na girgiza, ashe kuka yake yi. Ya ce, “Ƙanena, ka yafe mani. Ban taɓa dira ba, ko sau guda. Ko cikin jirgin ban taɓa shiga ba. Ɗan dako ne ni, in an jeho buhunan shinkafa mu ke zuwa mu kwance mu ɗauka a kai. Wagga laima ta kaya ce.” Zafi ya hana ni tunani. Da na samu numfashi na ce masa, “Yaya, yi sauri dai, ƙafar tana ciwo.” Abin da na iya faɗa ke nan, kuma daga baya ya ce mini kalmar Yaya da ya ji a bakina ita ta ba shi ƙarfin ƙarasawa.

Na yi daminar nan gaba ɗaya a kwance. Wana ya noma gonarsa ya noma tawa da hannuwa naɗe da tsumma, in ya dawo ya zauna yana kore mini ƙuda, shi ke ɗaga ni shi ke kwantar da ni. Ba wanda ya sa shi, ya tashi a masallaci ya gaya wa jama'a gaskiyar aikin da ya yi a yaƙi. Wasu sun yi masa dariya, amma dattawa suka ce wanda ya ɗauki abincin mayaƙa a kansa cikin dajin da ba nasa ba, ba shi da abin jin kunya. Matata ta daɗe tana aika masa tuwo ba tare da ta amsa gaisuwarsa ba. Ranar da ta haihu, da kanta ta ce a kai masa jaririn shi ya fara ɗauka.

Ina cikin jinya wani tsohon saje daga Kankiya, wanda suka yi yaƙi tare da wana, ya zo duba ni. Shi ya yi gadi a filin da ake koya wa sojoji dirowa a ƙasar Indiya, kuma shi ma ya fara da cewa bai taɓa dira ba, gani kawai ya yi. Ya ce laimar mutum daban take da ta kaya, tana da ɗamara ta musamman mai ƙarfe a ƙirji wanda in ka sauka za ka buga ka fita nan take. Ya ce akwai masu aikin naɗe ta kawai, kuma ba a barin kowa ya koyar sai wanda ya dira sau da yawa aka jarraba shi aka ba shi shaida. Abin da ya fi tsaya mini shi ne zancen iska. Ya ce kafin kowa ya hau jirgi sai an tayar da hayaƙi a fili an ga inda ta nufa da ƙarfinta, in ta yi yawa ko babban hafsa ne ya zo kallo sai a fasa, domin iskar da ke riƙe mutum a sama ita ke kashe shi a ƙasa. Wana yana zaune yana ji, kansa a ƙasa.

Na warke da ɗingishi, ban sake hawa itace ba. Amyoyina kuwa wana ya karɓe su, shi da ko kan rumbu ba ya son hawa. Sai in tsaya a gindin kuka da sandata ina gaya masa inda zai sa ƙafa, yana hawa yana salati, ƙudan zuma na harbinsa, in ya sauko mu raba. Haka muka yi shekaru masu yawa har Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi masa wanka, na ga tabon igiyoyin nan a tafin hannuwansa bai ɓace ba.

Ga masu karatu, musamman samari masu zafin jini irin nawa na da, ina roƙonku ku ji daga bakin gurgu. Kada ku rataya ranku a jikin kayan da ba don aikin aka yi su ba, kome kamarsu da na gaske. Kada ku yi gardama da iska ko ruwa don mutane sun taru suna kallo, masu kallon gida za su koma su ci tuwo. Kuma son da kake yi wa mutum bai mayar da shi gwani ba. Kafin ka miƙa wuyanka ga mai koyarwa, ka tambaye shi ko ya taɓa yi da kansa, wa ya koya masa, wa ya shaide shi. Amma ka ja shi gefe ka tambaye shi ku biyu, inda zai iya cewa bai sani ba ba tare da ya ji kunya ba. Da na yi wa wana wannan alfarmar, na tabbata da ya gaya mini gaskiya, domin bai taɓa son abin da zai taɓa ni ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.