Kaset ɗin Kirsimeti a Zauren Mai Unguwa

Ba na jin akwai ranar da zan manta da wata Alhamis da na ɗauki talabijin ɗin ofis na kai zauren mai unguwa a Maigatari. A tsakiyar shekarun casa'in ne, zamanin soja, lokacin da kantoma ke riƙe da ƙaramar hukuma. Ni kuwa ina ƙaramin jami'i a sashen yaɗa labarai, mataki na shida, kuma ni ne mai majigi.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku tarar da shi ba. Sunan majigi ne kawai ya rage a lokacin, don tsohuwar na'urar ta daɗe da mutuwa. Abin da muke da shi talabijin ne babba, da bidiyo, da janareto, da lasifika. Mukan zaga ƙauyuka mu nuna fim a kan allurar rigakafi ko zuba taki ko tsaftar rijiya. Yawancin kaset ɗin da Turanci suke zuwa, saboda haka aikina shi ne in rage muryar fim ɗin, in riƙe makirfo in riƙa bayani da Hausa. Ƙa'ida kuma ita ce ba a nuna kaset sai mai majigi ya kalle shi tukuna, kuma shugaban sashe ya amince.

Ana saura kamar mako guda Kirsimeti, Sista Rifkatu ta zo ofishinmu. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Filato, ta daɗe a garin, kuma babu unguwar da ba ta karɓi haihuwa a cikinta ba. Ta ce matan cocinsu za su yi wa yara ɗan biki a wani aji na makarantar da ke kusa da kwatas ɗin ma'aikata, kuma ƙaninta ya aiko mata da kaset ɗin katun, wato fim ɗin zane na yara, daga Jos. Tana roƙon a ara musu kayan aiki da mai aiki. Ta ƙara da cewa 'ya'yansu a nan aka haife su, Hausa ta fi zama a bakinsu, don haka in yi musu bayani kamar yadda na saba. Shugabana, Alhaji Bala, ya ce in kalla in gaya masa.

Na kalla. Labarin wata tsohuwa ne da ke zaune ita kaɗai a ƙasar da ƙanƙara ke zuba, 'ya'yanta duk sun tafi birni. Ta tsinci wani ɗan tsuntsu da fiffikensa ya karye, ta yi jinyarsa kusa da murhu. Da itacenta ya ƙare, sanyi ya kwantar da ita, tsuntsun ya yi ta zuwa yana ƙwanƙwasa tagogin maƙwabta har suka biyo shi. Ranar Kirsimeti aka cika mata ɗaki da abinci. A tsakiya akwai inda mutanen garin suka shiga coci, ana kaɗa ƙararrawa, suna waƙa da kyandir a hannu. Na faɗa wa Alhaji Bala duk wannan. Ya ce tunda 'ya'yansu ne za su kalla, ba laifi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne ƙarar janareto. A garin da ba kowane gida ke da talabijin ba, da yaro ya ji ta ya san majigi ne. Ranar Litinin da la'asar, kafin in gama haɗa waya, yaran unguwa sun cika tagogin ajin, wasu a kan wasu. Ban daɗe da farawa ba sai muka ji kuka. An matse wata yarinya a jikin ƙarfen taga har goshinta ya fashe. Sista Rifkatu ta fita da gudu ta ɗauko ta, ta wanke ciwon, sannan ta ce a buɗe ƙofa kowa ya shigo ya zauna a ƙasa kafin a karya wani. Ban ga yadda zan ce a'a ba, ga jini a hannunta.

Yaran sun ji daɗin fim ɗin ƙwarai. Wasu suna gardama ƙanƙarar nan auduga ce, wasu suna cewa gishiri ne. Da tsohuwar ta kwanta ciwo ajin ya yi tsit, da tsuntsun ya kawo mutane kuwa sai tafi. Aka raba zoɓo da biskit, kowa ya watse kafin magariba.

Washegari yara suka tashi da waƙar fim ɗin a baki. Ba su san kalmomin ba, karin kawai suke bi, suna kwaikwayon ƙararrawa da gwangwani. Zuwa Laraba magana ta canza kama. Mai shayin da nake karyawa a wurinsa ya ja ni gefe ya ce ana cewa ma'aikacin gwamnati ya yi wa'azin Kirista da lasifikar gwamnati. Wasu sun ce an kulle ƙofa da yara a ciki, an ba su wani jan abu sun sha. Wanda ya fi zafi a maganar shi ne Malam Isiyaku, mai sayar da hatsi a kasuwa, mutum mai mutunci wanda ake jin maganarsa. 'Ya'yansa na cikin waɗanda suka shiga.

Kun san yadda shekarun nan suke. Ana yawan jin labarin tashin hankali a wasu garuruwa, kuma sau da yawa daga ƙaramar magana yake farawa. Ga shi gobe Alhamis, kasuwa za ta cika da baƙi daga Gumel da Gagarawa da ƙetaren iyaka, waɗanda ba su san Sista Rifkatu ba balle ni. Jibi kuma Juma'a.

Alhaji Bala ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ce kantoma ya samu labari, kuma ya ce idan ko da dutse ɗaya aka jefa, ni za a fara miƙa wa 'yan sanda. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da izininka na je." Ya ce ya sani, amma muryar da aka ji a lasifika tawa ce. Da na koma gida matata ta riga ta ji, ta ce in bar garin in tafi wurin yayana a Sule Tankarkar har ƙura ta lafa. A kwatas kuma wasu iyalai sun fara ɗaure kaya, sun ce gara su tafi gida Kirsimeti da wuri.

Mai unguwa Tukur ne ya kawo shawara. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya aiko wa Alhaji Bala cewa ya gaji da sauraron mutanen da ba su ga abu ba suna ba da labarinsa. A kawo kaset ɗin zaurensa ranar Alhamis bayan la'asar, a nuna wa iyaye, kuma mai majigi ya maimaita duk abin da ya faɗa wa yara, kada ya rage kada ya ƙara.

Zauren ya cika da dattawa. Malam Isiyaku yana gaba, fuska a murtuke. Sista Rifkatu ta zo da wani tsohon soja mai suna Baba Yohanna, wanda ke gyaran keke a bakin tasha kuma dattijo ne a cocinsu. A waje matasa sun fara taruwa, ina jiyo hayaniyarsu duk da ƙarar inji. Garin sauri na sa kaset ɗin a juye, na fitar na gyara.

Na fara bayani. Babu mai motsi. Tun daga nesa nake jin tsoron wurin cocin, kuma na san da ɗan yatsa ɗaya zan iya tura kaset ɗin ya wuce shi. Amma na san yara sun riga sun ba da labari, idan na tsallake na gama tabbatar da zargin. Da ƙararrawa ta fara kaɗawa na ce, kamar yadda na faɗa ranar Litinin, "Nan sun shiga wurin ibadarsu, suna addu'a irin tasu." Wani ya yi gyaran murya. Na ci gaba da bayani har wurin ya wuce.

Da aka gama na kashe janareto. Mai unguwa ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani.

Malam Isiyaku ne ya fara. Ya ce tsakani da Allah bai ga zagi ba, bai ji an kira kowa zuwa wani addini ba, maganar kulle ƙofa kuma ya gane ƙarya ce. Sai kuma ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Amma Malam Habu, 'ya'yana ne. Wa ya tambaye ni? Na dawo kasuwa na tarar da waƙar coci a tsakar gidana, ban san inda aka samo ta ba." Sista Rifkatu ta ce ita ta sa a buɗe ƙofa, ba ni ba, ta kuma ba da labarin yarinyar da ta ji ciwo. Malam Isiyaku ya ce ya gode da jinyar, amma da an kashe injin an kori yaran, ai da ba a kai ga haka ba.

Ban zata ba sai Baba Yohanna ya ce Malam Isiyaku yana da gaskiya, shi ma ba zai so a shigar da jikokinsa wani taro bai sani ba. Ya ƙara da cewa shi fim ɗin ma bai burge shi ba. Ya ce an ce masa na Kirsimeti ne, amma daga farko har ƙarshe bai ji labarin haihuwar da ake bikin saboda ita ba, sai ƙanƙara da tsuntsu. A garinsu Kirsimeti shinkafa ce da nama da sabon ɗinki da rawa a fili, wannan kuwa na Turawa ne. Sista Rifkatu ta ce ai don yara aka yi shi, ya ce to yaran ma ai a koya musu abin da ya kamata.

Daga can baya wani tsohon manomi, wanda tun da aka fara bai ɗaga ido daga talabijin ba, ya ce shi maƙwabtan nan ne suka ba shi haushi. Mace tana zaune a tsakiyarsu shekara guda babu mai leƙa ta, sai tsuntsu ya zo ya tuna musu, sannan su kawo abinci rana ɗaya suna waƙa kamar sun yi abin kirki. Wani ya ce laifin 'ya'yanta ne da suka tare a birni. Wani ya ce wataƙila ita ce mai baƙin hali. Nan gardama ta kaure a kan tsohuwar da aka zana da fenti, Musulmi da Kirista a kowane ɓangare, har mai unguwa ya yi dariya ya ce a bari haka, magariba ta gabato.

Kafin a tashi ya roƙi Malam Isiyaku ya fita ya gaya wa matasan waje abin da ya gani da bakinsa. Ya miƙe ya fita. Ban ji abin da ya faɗa musu ba, amma na ji hayaniyar tana raguwa.

Duk da haka ban samu natsuwa ba sai bayan Juma'a. Na zauna a sahun baya ina jiran in ji an ambaci majigi a huɗuba. Liman ya yi magana a kan tauye mudu, aka sallame, kowa ya nemi takalminsa.

Ba a kore ni ba, amma abin bai wuce haka kawai ba. Aka hana ara kayan ofis don kowane bikin addini, na Kirsimeti ko na Mauludi, saboda haka yaran kwatas ba su sake ganin katun a hannunmu ba. Wasu daga iyalan da suka tafi gida ba su dawo ba, sun nemi canjin wurin aiki. Malam Isiyaku kuma ya daɗe yana amsa gaisuwata a taƙaice.

Abin da na koya shi ne, kallon kaset a ofis bai isa a ce an san abin da za a nuna ba. Waɗanda ke cikin ɗaki suna ganin fim ɗaya, waɗanda ba su shiga ba kuma ana kai musu wani daban, kuma wannan na biyun ne ke tayar da gari. Mutanenmu ba sa ƙin a nuna musu abu, abin da ba sa yafewa shi ne a tsallake su a kai ga 'ya'yansu. Tun daga wannan makon har na ajiye aiki, ban ƙara kunna janareto a wani gari ba sai na fara zama a gaban dattawansa na ba su labarin abin da ke cikin kaset ɗin daga farko har ƙarshe, ko da kuwa na zuba taki ne.