Rabona a Motar Malam Lallaɓa

Duk wanda ya taɓa shiga motar maigidana ya san sai an auna shi tukuna. Da ido yake awon. Zai tsaya bakin ƙofar mota da tsummansa a kafaɗa, ya dube ka daga hula har takalmi, ya zagaya ya duba bayanka kamar mai cinikin bijimi ran kasuwa, sannan ya ce "shiga," ko ya ce "Allah shi kawo wata." Ku mutanen Illela kun san wanda nake nufi. Ni ba zan kama sunansa ba, bakina bai saba ba. Ku kuna ce masa Malam Lallaɓa, don kun ce bai taɓa wuce jaki a hanya ba sai in jakin ya tsaya fitsari.

Ni ban iya riƙe alƙalami ba, 'yata Rabi ce ke rubutawa, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini. Tun da ya rasu kuke zuwa mini gaisuwa, ku fara da salati ku ƙare da dariya, kowa da labarinsa. Ni ma in taya ku, in kun fita in rufe fuska da mayafi in yi ta kuka. Ya tafi ya rataya mini abu guda a wuya, motar nan. 'Ya'ya suka ce a sayar wa 'yan gwangwan, masu yanka tsoffin motoci su auna ƙarfen. Shi kuwa ya bar mini saƙo in raya ta. Zan zo wurin, bari in fara daga inda ake dariya.

Baiwar Allah yake ce mata. Tsohuwar mota ce ƙirar Faransa, irin mai dogon baya. Ya saye ta a Kwanni tun ina goyon fari, kuma tun a lokacin ta sha duniya. An ce fara ce da can; ni dai na san ta da launin kunun tsamiya. Da ita ya ci da mu, da ita ya aurar da 'ya'ya, amma wallahi ban san wa ya fi yi wa wani wahala ba tsakanin shi da ita.

Ina da yaya a Araba, Alhaji Mamman mai fataucin albasa, Allah ya yi masa jiki, in ya zauna a tabarma ba a ganin tabarmar. Wata rana ya zo tasha cikin babbar riga, ya nufi surukinsa kai tsaye.

"Malam, Kwanni za ni."

Malam ya dube shi sama, ya dube shi ƙasa, ya zagaya.

"Alhaji, kai sawu biyu na."

"Mi?"

"Sawu biyu. In kai rabinka yanzu, in dawo in ɗauki saura."

"Kai! Ni hwa na ba ka ƙanwata!"

"Ka ba ni wadda mota ka iya ɗauka. Allah shi saka da alheri."

Yaya bai ƙara cin tuwon gidanmu ba sai da babbar Sallah ta zagayo. Waɗanda suka ci jarrabawar awo ma ba su tsira ba. In an kai wurin rairayi a hanyar Lafani sai ya kashe murya ya ce, "Jama'a, ku sauka ku tausaya mata." Kowa ya sauka da ƙullinsa a ka, ita tana gaba tana tafiya awa amarya, su suna biye. Wata tsohuwa ta gaji ta ce, "Malam, kuɗin mota munka biya ko na tahiya ƙasa?" Ya leƙo ta taga ya ce, "Kuɗin rakiya kunka biya, Inna."

Wata damina iska ta kwashe rumfar zana da yake ajiye ta a ƙofar gida. Ina madafa ina tuƙa tuwo sai na ji ana ƙwanƙwasa a saman ɗakina. Na fito na tarar da shi bisa tsani da guduma, ya ɓalle fallen kwano biyu, yana miƙa su ƙasa. Kafin la'asar Baiwar Allah ta samu rufi. Hadari kuwa kamar jira yake.

"Malam, ruwa na zuba bisa gadona!"

"Ja gadon gefe."

"Gefen ma zuba yake yi!"

Ya shigo ya ɗaga kai ya dubi sama ta ramin, ya dube ni a jiƙe sharkaf. Ta-Araba yake ce mini, don can aka ɗauko ni.

"Ta-Araba, ke kina tsatsa?"

Da tasoshi da robobi na kwana har kaka. Yau ga rufin ɗaki lafiya lau, ko ɗigo ba ya yi, amma da za a dawo mini da mai ɓalle kwanon, wallahi da na miƙa masa gudumar da hannuna. Dakata, Rabi. Bari in sha ruwa.

To, ga wanda ba ku sani ba sai daga baya. Abin da ke tayar da injin in an murɗa makulli ya mutu tun da daɗewa. Na irinta ya ƙare a Kwanni, ya ƙare a Sakkwato, wanda ake samu kuma Malam ya ce jabu ne, ba zai sa wa baiwar Allah hanjin roba ba. Sai dai a tura. Samarin unguwa suka zo taimako, ya kore su, wai hannunsu ba ladabi, suna loɓa mata baya. Ya ce shi zai riƙa turawa da kansa. Saura mai zama ciki ya saki kuloci, wato abin da ake takawa da ƙafar hagu. Ya gwada maza biyu, ya ce ƙafarsu ta masu taka yumɓu ce. Sai wata rana bayan sallar asuba ya tsaya a kaina, ya yi mini irin kallon da yake yi wa fasinja.

"Taso. Ke ba ki da nauyi."

Shekarun da muka yi tare, wannan ce kalmar yabo da na taɓa ji daga bakinsa, kuma na riƙe ta. Ya nuna mini inda zan taka, da yadda zan ɗaga ƙafa a hankali kamar mai sauke tulu. Ran farko na kusa shiga da ita cikin dangar maƙwabta. Ya biyo ni da gudu yana salati, ya wuce ni ya shafa mata goshi, sannan ya waiwayo ya ce, "Kin tsorata ta." Daga nan kullum da sassafe, kafin mutane su fito, ina ciki da lulluɓina yana baya yana nishi. In ta yi tari ta kama, in taka birki, in sulale in koma gida kamar ba ni ba. Ban taɓa kai ta ko bakin titi ba. Amma na san numfashinta fiye da na wasu jikokina.

Ciwon ajalinsa a ƙirji ya kama shi. Ya yi kwanaki yana ɓoyewa, yana cewa kunu ne ya tsaya masa. Na aika wa babban ɗana, wanda ke aikin gwamnati a Sakkwato, Babba nake ce masa. Ya iso da hantsi cikin sabuwar motarsa mai sanyi.

"Baba, tashi mu tahi asibiti."

"Da wace?"

"Da tawa, ga ta nan ƙohwa."

"Wagga roba? Ina da mota, in shiga ta aro?"

"Baba, da taka sai gobe mu kai Sakkwato!"

"To asibitin tashi za shi yi?"

Na roƙe shi, Rabi ta durƙusa ta yi kuka, liman ya zo ya yi magana. Ko gezau. Aka kwantar da shi a kujerar bayan Baiwar Allah. Ran nan dole wasu hannuwa suka taɓa ta, Babba da maƙwabta, shi kuma yana daga kwance yana ba da umarni da 'yar muryar da ta rage: "Da tahin hannu! Kada wanda ya dahe hitila!" Ni kuwa na fito tsakar rana, gaban duk unguwa, na shiga na kama sitiyari. Mata suka leƙo ta kan katanga suna riƙe baki. Na saki ƙafa, ta kama. Na fito, Babba ya shiga. Na zagaya zan zauna kusa da kansa in riƙe shi a hanya, ƙullin kayana a hannu. Ya buɗe ido ya dubi Babba, ya dubi Rabi da ke gaba, ya dube ni.

"Ke zauna gida. Nauyi ya isa."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Na tsaya da ƙullina a hannu har suka sha kwana. An ce mini duk hanya faɗa yake yi wa Babba, in ya ɗan taka sai ya ce, "Rage wuta! Mutuwa kake gudu ko ita kake bi?" Sun kai, likitoci suka ce an makara. Washegari Allah ya karɓi abinsa. Da Babba ya dawo na ja shi ɗaki na ce ya faɗa mini abin da ya ce na ƙarshe bayan kalmar shahada. Ya sunkuyar da kai.

"Cewa ya yi, ka ce wa uwarku ta riƙa tashinta ko da ran Juma'a. Ƙarhe in ya kwanta ba shi tashi."

"Shi ke nan? Bai ce komi ba a kaina?"

"Inna, ai ke ya ambata."

Aka dawo da ita aka ajiye a rumfarta, ni kuma na shiga takaba. Juma'ar farko na yafa mayafi zan fita, mata suka tare ƙofa. Mai takaba a bakin sitiyari a ƙofar gida? Duniya za ta ce me? Na aika wa tsohon abokinsa bakanike, ya zo da yaransa sau ɗaya, ta tashi, na ji ta daga ɗaki na yi hamdala. Ya sake zuwa sau ɗaya, daga nan ƙafa ta ɗauke. Babba ya koma wurin aiki. Ku kuma masu zuwa ba ni labarin sawu biyu kuna ƙyaƙyatawa, kuna wuce ta a ƙofa ku shigo, ku wuce ta ku fita. Ba na zargin kowa, amma ba wanda ya ce, Hajiya, a tura? Damina ta shigo. Kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashinta, tayoyi suka sace. Kowace Juma'a ina zaune ina jin shirunta har cikin haƙorana.

Ran da na fita takaba ko gidan 'yan'uwa ban fara zuwa ba. Na sa aka yi wa tayoyi iska, na tara samari, na shiga. Suka tura, na saki ƙafa, sai ta turje tana jan ƙasa kamar akuyar da aka ja zuwa mahauta. Muka kai ƙarshen lungu muka dawo, har samarin suka jiƙe da gumi. Bakanike ya buɗe gaba, ya sa sifana ya danna da duk ƙarfinsa, injin ko motsi. Ya goge hannu, bai yarda ya dube ni ba.

"Hajiya, ta bi shi."

Da aka zauna rabon gado a zaure, ina bayan ƙofa ina ji. Babba ya ce ba mai sayen ta sai 'yan gwangwan, kowa ya amince. Liman ya ce Hajiya tana da tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas na duk abin da aka bari. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Malam, na motar a ba ni cikin motar. Ban son kuɗɗinta."

"Hajiya, mota ai ba saniya ba ce da za a yi watanda."

"To ba yanka ta za a yi ba? Ko saniya anka yanka, mai rabo shi ka nuna wurin da yake so."

Can liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wannan a karatu ba, amma in magada sun yarda bai ga abin da ya hana ba. Wane wuri nake so? Na ce kujerar direba. 'Yan gwangwan har murna suka yi, wai soso ne da tsumma, ba ya hawa sikeli.

Suka zo da tukunyar gas da wuta, a ƙofar gida suka yi aikin. Na toshe kunne da filo, amma ƙarar ta same ni. Kafin la'asar ba abin da ya rage sai baƙin mai a ƙasa. Amanar da ya ba ni ke nan, aka loda ta gunduwa-gunduwa aka tafi.

Kujerar tana nan ɗakina, kusa da gado, a kanta nake zaune yanzu. Ta lotsa daidai jikinsa, ta karkata hagu inda yake jingina ya ɗora gwiwar hannu a taga. Tana warin goro da baƙin mai da man zafin da yake shafa wa baya. Rabi ta ce in bari a canza mata yadi, na ce duk wanda ya taɓa ta ban yafe ba. In na zauna sai in nutse, ramin ya fi ni faɗi, gefe da gefe duk wuri ya rage.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa. Yana da taurin kai, Ka fi ni sani, amma bai taɓa take ko kazar wani ba, bai kuma taɓa barin mu da yunwa ba. Ni na yafe masa, Kai ma Ka yafe masa. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya, Ka haskaka. Ni kuma Ka sa in cika da imani, Ka sada ni da shi. Na gaji da zama a gurbin da bai yi mini daidai ba. Amin.