Gambar da na tumɓuke a gonar Inna

A shekarar da Nasara suka miƙa mana mulkin ƙasa, ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, ina taimakon fasto a wani ƙauye na yankin Gidan Rumji. Maraya ne ni, a gidan mishan na tashi. Aji huɗu na yi a lakol, wato makarantar boko, na iya karatu da waƙoƙin sujada, amma ban san sha'anin gona kamar ɗan ƙauye ba. An koya mana cewa hidimar Almasihu ba ta tsaya ga wa'azi ba, in ka ga mutum da kaya ka sauke masa. Na riƙe wannan da zuciya ɗaya. Mishan ta ba mu shanu biyu da garma, duk ƙauyen babu mai irinsu, sai na ƙudura da su zan nuna wa mutane ƙaunar Allah.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa Musulma, kowa Inna yake ce mata. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ya tafi cin rani kudu shekara biyar ba labari. Abin da ya rage mata shi ne gamana, wato 'yar gonar da miji kan yankar wa matarsa, tana manne da gandun ƙanen mijin. Bayanta ya tanƙware, amma kullum damina tana can da hauya. Ta sha gaya mini ba don cikinta take wannan wahala ba, so take in yaron ya dawo ya tarar da inda zai sa hauyarsa. Sau ɗaya na ce zan nome mata da shanu. Ta yi dariya ta ce in bar shanuna su huta, gonarta ta saba da hannunta. Na ɗauka kunya ce irin ta manya.

Ruwan shuka ya sauka tana garin Sae Sabuwa wurin ta'aziyya. Na ce to, ga dama ta samu, bari ta dawo ta tarar an gama. Ban shawarci fasto ba, don kada ladan ya rabu. Da na isa, na ga wani layin ciyawar gamba ya ratsa filin a karkace, garma tana sarƙewa a gindinsa. Gefe ɗaya a nome yake, ɗayan saura ce da aka bari ta huta, ni kuwa na zaci duka nata ne, ƙarfi ne ya gaza mata. Na sa gatari na tumɓuke gambar gindi-gindi, na tara ta ƙarƙashin gawo, na bi da garma daga wannan baki zuwa wancan. Ƙanen mijin ya zo wucewa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya yi mini sannu da aiki, ya ce Allah ya ba da lada. Har daɗi na ji. Washegari da sassafe ya fito da 'ya'yansa suka shuke filin duka da geronsu.

Sai da Inna ta dawo na san abin da na yi. Gambar nan marigayi ne ya dasa ta da hannunsa, ita ce iyaka, ita ce kuma shaidar da take da ita, don a lokacin babu takarda. Aka je gaban maigari. Ya tambaye ta ina iyakar, ta nuna ƙasa, ƙasa kuwa duk iri ɗaya ce. Na miƙe na ce ni zan nuna. Ƙanen mijin ya tambaya a hankali ko ita ta aike ni, don in ita ce, to ta ci masa gona ke nan da shanun mishan. Na rantse ba ta sani ba. Sai wani dattijo ya ce mutumin da ya ga iyaka bai gane ta ba, yaya zai nuna inda take. Aka yi dariya. Maigari ya yanke cewa gonar ta koma cikin gandu har ɗanta ya dawo, gidan ƙanen mijin su ciyar da ita. Fasto ya bi ƙanen mijin har gida yana roƙo, ni ma na tafi buro, wato ofishin hukuma, da 'yar faransancina, aka ce maganar gona ta maigari ce.

Na kai mata damin gero da kaka, na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai ina nan da raina. Me ya hana ka tambaye ni?" Abu ɗaya ta roƙa, in kwaso mata busasshiyar gambar da na zubar gindin gawo. Na kwaso, ta jera ta a ƙuryar ɗakinta. Daga nan ba ta ƙara riƙe hauya ba. Takan zauna bakin zaure tana duban hanya, ana kawo mata tuwo a ƙwarya kamar baƙuwa. Damina biyu ta ƙara a duniya. Ɗan ya dawo bayan rasuwarta, ya kwana uku, bai sami mai nuna masa ko taku ɗaya na gonar ba, ya koma.

Na yi shekaru masu yawa cikin hidima bayan haka, kuma na yarda Ubangiji ya gafarta mini, amma gafarar ba ta mayar wa yaron nan gonarsa ba. Ku matasa masu zafin taimako, a ikilisiya kuke ko a masallaci, ku ji daga bakin wanda ya yi. Ni godiya nake nema a ranar nan, shi ya sa na yi aikin a ɓoye. In mutum ya ce ku bari, ku zauna ku ji dalilinsa kafin ku sa hannu. Inna ta ce mini in bari, da bakinta, kuma na ji ta sarai.