Mme Mathabiso, Mai Gadin Hannuwan Masu Ɗinki

Ƙarfe shida da rabi na safe, duk tsananin sanyin Maseru, babban birnin Lesotho, za ka tarar da Mme Mathabiso Lephoto (Mme na nufin Mama a harshensu) tsaye a ƙofar masana'antar ɗinkin wanduna. Ma'aikaciyar jinya ce, tana da ɗakinta mai ɗumi a ciki, amma ba ta shiga sai mata sun gama shigewa. Bargunansu take kallo. Kowace da babban fil take maƙale bargonta a ƙirji, kuma wadda babban yatsanta ya fara mutuwa ba ta iya danne shi. Sai ka ga bargo a karkace, ko an riƙe shi da haɓa. Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan tsayuwa, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Dole ta riƙa tsayuwar nan, don babu mai kai kanta ɗakin jinya. A da, wadda ta ce hannunta na ciwo ta kori kanta ke nan, ga wasu ɗari a waje suna jiran kekenta. Sai su ɗaura zaren ulu a wuyan hannu, su haɗiye ciwon.

Haka ta kama Limpho, mai yanke zare a layi na huɗu, uwar yara uku da ba su da kowa sai ita.

"Ke, zo nan. Wa ya maƙale miki bargo yau?"

"Ni mana, Mme."

"To cire, ki mayar in gani."

Limpho ta yi ta fama har fil ɗin ya faɗi ƙasa. Ta fashe da kuka. "Don Allah, Mme, ki rufa min asiri. In Ntate Mokhethi ya ji, kashina ya bushe."

"Share hawayenki. Ina raye ba za ki zaɓa tsakanin hannunki da abincin yaranki ba."

Ba ta miƙa mata ƙwaya ta sallame ta ba. Ta bi ta wurin aikinta, ta zauna rabin yini tana kallo. Almakashi ya dakushe, tebur ya yi tsawo, kafaɗa a ɗage tun safe, yatsa ɗaya na abu ɗaya sau dubbai. Ntate Mokhethi (Ntate kuwa Baba ke nan), shugaban layin, ya zo yana hura hanci.

"Raguwa ce kawai, Mme. Gobe in kawo wata."

"Ashe? To zauna, Ntate, tunda kai ne jarumi. Awa ɗaya tak."

A gaban mata arba'in ya zauna. Ko rabin awa bai yi ba ya ajiye almakashin yana yarfe hannu. Wata daga baya ta ce, "Ntate, gobe a kawo wani ne?" Layin duka ya kece da dariya. Wallahi ranar har ni da nake cikin layin na ji sanyi a raina.

A makon aka wasa almakasai, aka rage ƙafafun tebura, aka fara musayar aiki duk bayan awa biyu. Limpho ta yi mako shida a wurin ninke kaya da hannu a ɗaure, sannan ta koma layinta. Tana nan har yau, shekara tara.

Ba kowa Mme Mathabiso ta ceta ba. Akwai waɗanda ta gano a makare, tana kuma kiran sunayensu ɗaya-ɗaya da ɓacin rai.

Ke ce uwa ma-ba-da-mama, Mme. Ke ce kika koya mana cewa ciwon aiki a wurin aiki ake nemansa, ba a kan gadon asibiti ba. Mun gode, Allah Ya huta gajiya. Ku kuma masu jinya da shugabannin ma'aikata, ku fito daga ɗakunanku ku ga yadda mutanenku ke zama, kafin ku kira wani rago.

In kuna son sanin abin da za ta bari, ga shi. Makon jiya wata sabuwar ma'aikaciya ta tsayar da kekenta ana tsakiyar aiki, ta ce da ƙarfi, "Ntate, wuyan hannuna na ciwo." Babu wadda gabanta ya faɗi. Ntate Mokhethi da kansa ya durƙusa ya duba tsayin kujerarta.