Yaran da Suka Daina Zuwa Awo

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwar Birni a Damagaram, ni da abokin aikina a kan babur ɗinsa, ordinatar, wato kwamfutata, tana jaka a bayana. Wani asibitin ƙauye a yankin Hamdara muka nufa, inda ake auna yara masu tamowa.

Sana'ata rubuta manhaja. Na haɗa wasu kayan aiki na yi wa rumbun bayanai tambaya, kuma a kansu aka gina manhajar asibitin. A da, in rumbu ya ba da amsa, sai ka yi dogon rubutu na bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Kwanan baya na ƙara wa amsar kanta hanyoyi uku: *tace* mai ware layukan da ake so, *sauya* mai canza fasalin kowane layi, da *tara* mai dunƙule su. Su zan kai.

Damina ta yi gardama. Gero bai wuce gwiwa ba, ganyen duk ya yi ja. Inda muka sha koko, mai ƙosai ta ce ta daina tambayar kuɗin tiya don kar ranta ya ɓaci. Da muka bar kwalta babur ya kafe a rairayi sau biyu, abokina yana cewa in tace masa hanyar mana.

Mun tarar da mata cike da rumfa, yara a cinya, ba mai ƙarfin kuka. Majo, wato shugabar ma'aikatan, dattijuwa ce. Ta ce sunayen yaran da awonsu ya faɗi kuma suka daina zuwa take so. Na rubuta layi ɗaya, sunaye suka fito. Har na yi murmushi.

Ta bi su da yatsa. "Wannan ya rasu. Wannan ma. Wannan uwarta ta tafi da ita Arlit."

Na ce, "Hajiya, me ya sa suke ciki?"

"Ɗana, manhajar taku ba ta da gurbin wanda ya mutu."

Nan take na buɗe gurbin. Tana faɗa ina cikawa har azahar. Sauran sunayen ta kwafe a takarda don ma'aikacin da ke zaga ƙauyuka. Ɗaya, wata yarinya 'yar shekara biyu, garinsu a kan hanyarmu yake, sai ta roƙe mu mu biya mu ce a kawo ta gobe.

Tun daga nesa muka hangi tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune. Jiya aka binne ta. Muka sauka muka yi gaisuwa. Mahaifinta ya yi mana godiya, ya sa aka kawo mana fura. Ban iya sha ba.

Da magariba muka shigo Damagaram. Abin da ban gaya wa abokina ba shi ne, aikin nan ya kammala tun mako biyu da suka wuce. Na riƙe shi ne ina gyaran rubutu don 'yan'uwana masu sana'a su yaba. Ban sani ba ko zuwana da wuri zai canza wani abu, Allah ne masani. Amma tun ranar, in abu ya yi aiki, ko bai yi kyau ba, kai shi nake yi.